Na Je Gabas, Na Ga Yerwa

Ba mu bar tashar Damaturu ba sai da direba ya rage muryar rediyo, ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Jama'a, a yi mana addu'a." Wani dattijo mai farin rawani da ke gidan gaba ya ɗaga hannu ya ja mana Fatiha da salati, muka shafa. Ina gyara zama ke nan sai wata mata daga kujerar baya, Littafi Mai Tsarki a cinyarta cikin leda, ta ce, "Baba, in ƙara tawa?" Dattijon ko waiwaye bai yi ba ya ce, "Ƙara mana, 'yata, ai hanyar ta mu duka ce." Ta runtse ido ta roƙi Ubangiji da Hausa garau, ya sauke mu lafiya, ya tsare sojojin da ke gadin hanya, ya shiryi waɗanda ke cikin daji. Motar kaf aka amsa da amin, kuma ta mai rawanin ta fi ta kowa ƙarfi.

Ni ɗan Kaduna ne, a Tudun Wada aka yanke cibiyata. Da idona na ga yadda rikicin 2000 da na 2002 suka tsaga garinmu gida biyu, Musulmi suka tattara suka koma arewacin kogi, Kirista suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi. A motocinmu ma ana addu'a, amma kowa a zuci yake yin tasa don gudun abin da ka je ya zo. Shi ya sa na yi ta satar kallon fuskokin fasinjojin nan, ina neman wanda zai ɓata rai. Ban samu ko ɗaya ba.

Tsakanin Damaturu da Maiduguri kimanin kilomita 130 ne, amma direba da rana yake tsere. Benishek, Mainok, Jakana, Auno, kowane gari da ramin tsaro kewaye da shi da shingen soja a bakinsa, kangayen da wuta ta ci a wannan gefe, jerin sababbin gidaje a wancan. A Auno ne, cikin Fabrairun 2020, aka far wa matafiyan da suka iske an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a motocinsu, aka kashe mutum kusan 30. Da muka zo wurin babu wanda ya ce uffan. Sai da muka wuce shingen Njimtilo sannan direba ya mayar da rediyonsa, matar baya ta kwance ƙullin gyaɗa ta bi kowa da shi.

Ɗaurin auren 'yar wani tsohon abokina ne ya kai ni, sai garin ya riƙe ni fiye da yadda na shirya. Abin da ya fara kama idona inuwa ce. Gari a bakin hamada, amma darbejiya ta yi wa titunansa rumfa layi bayan layi, har mutum ya yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Sai kuma shirun babur. Tun 2011 aka hana hawansa a cikin gari, saboda a kansa ake zuwa a harbe mutum a tsere, Keke Napep ta gaji aikin. Mata na giftawa cikin lafaya kala-kala, ƙamshin humra da turaren wuta na bin bayansu. A cikin keke guda na ji Kanuri da Larabcin Shuwa da Baburanci, in ciniki ya haɗa su kuma a dawo Hausa. Mutanen garin sun fi kiransa Yerwa, sunan wurin da Shehu Abubakar Garbai ya sauka a 1907 bayan ya taso daga Kukawa.

Mai masaukina ya tare ni da "wushe, wushe, lale," aka shimfiɗa darduma a ƙofar gida, maƙwabta suka yi ta zuwa gaisuwa. Cikinsu akwai wani magidanci mai babbar riga da hular Zanna, sunansa sunan annabi, bakinsa ba ya rabo da "in Allah ya yarda". Mun daɗe muna hira a kan tsadar gero. Da aka kira Magariba na miƙa masa buta, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ku je ku dawo, ni zan tsare muku shayi." A hanyar masallaci abokina ya gaya mini dattijon coci ne, Margi daga Askira-Uba, kuma yayansa uwa ɗaya uba ɗaya liman ne a ƙauyensu. Na tsaya cak. A Kaduna kafin mutum ya gama faɗin sunansa da unguwarsu ka riga ka san inda yake zuwa ibada. A nan duk ma'aunin da na zo da shi ya ƙi aiki. A kudancin Borno, ƙasar Biu da Hawul da Chibok da Gwoza, ba abin mamaki ba ne a samu gida ɗaya ana yanka ragon layya kuma ana dafa shinkafar Kirsimeti. Ranar ɗaurin aure wannan bawan Allah ne ya ɗauki tiren goro da dabino yana ratsa sahun manyan malamai, ana ce masa, "Mun gode, Allah ya bar zumunci."

A gidajenmu in aka ce yaro ya tafi gabas, kowa ya san karatun allo ya tafi nema a ƙasar Borno. Don haka na roƙi a kai ni tsangaya. Mun isa da hantsi, ƙolaye na ta rera karatu a gindin bishiya, gardawa sun ja gefe kowa da babban allonsa. A cikin wata rumfar zana muka iske Goni zaune a kan buzu, takarda a kan gwiwarsa, ƙananan kwalaben tawada a gabansa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam." Ya amsa da ka, bai ɗaga alƙalami ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Na zuba wa hannun nan ido har na manta da kaina. Alƙalamin kara ne da ya fiƙe da kansa. Baƙaƙen yakan fara jerawa da baƙar tawada, masu kauri, masu zaman daram, irin rubutun da ake kira Barnawi. In shafi ya bushe sai ya dawo da jar tawada ya sa wasali, ya ɗiga rawaya a wurin hamza, ya ɗiga kore inda ya kamata. Babu wani littafi a buɗe a gabansa. Daga ka yake zubo shi, a ruwayar Warshu, har da harji a gefen shafi inda yake nuna sau nawa irin wannan lafazi ya zo a cikin Alƙur'ani. Takardun ba a ɗinke su, warƙa-warƙa ake tara su a sa cikin gafaka. Ya ce in ya gama sai an kai wa 'yan'uwansa gwanaye sun bi shi harafi-harafi kafin ya bar hannunsa. Muna da alarammomi a Zariya da Kano, Allah ya ƙara musu daraja, amma akasarinsu in ka bi salsalar karatunsu sai ta kawo ka nan.

Dole ta kawo ka nan ɗin. Tun ƙarni na 11 Mai Hume na Kanem ya karɓi Musulunci. A ƙarni na 13 ɗaliban Kanem na da masaukinsu na kansu a Alƙahira. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma yana gina masallatai da jan bulo, limaminsa Ahmad ɗan Furtu yana rubuta tarihin zamaninsa. Sarakunan Borno kan ba malami takardar da ake kira maharam, wadda ke 'yanta shi da zuriyarsa daga haraji da fita yaƙi don ya zauna ya karantar. Ina zaune a rumfar nan na ji zafin yadda duniya ta san garin da sunan wata ƙungiya da ba ta kai shekara 30 ba, alhali ƙasarsa na da allo na kusan shekara 1,000.

Ranar Juma'a muka bi titin Dandal, wanda ya miƙe sambal har ƙofar fadar Shehu. Babban masallacin na nan daura da fada, an kammala sabon gininsa a 2019 bayan fiye da shekara 30 ana aikin. Kafin ka shiga fili sai matasan kato-da-gora sun laluba ka, babba da yaro, mai rawani da mai ɗan kwali, kuma ban ga wanda ya yi tsaki ba. A nan ne, ranar 13 ga Yulin 2012, wani yaro ya tayar da bam bayan an idar da salla, da nufin hallaka Shehu Abubakar ɗan Umar Garbai El-Kanemi. Allah ya kuɓutar da shi, wasu bayin Allah suka rasu. Duk da haka ba a daina cika wurin ba. Da algaita ta tashi, dogarai suka buɗe hanya, na ji tsigar jikina ta tashi.

Da aka tayar da salla na lura na damana ya saki hannu, na haguna ya yi ƙabalu, kafaɗa na gogar kafaɗa. Na san unguwannin da wannan kaɗai ya raba masallaci biyu a garuruwanmu. Da yamma muka biya ta Madinatu, unguwar marigayi Shaihu Ahmad Abulfatahi, inda 'yan Tijjaniyya suka yi da'ira suna zikirin Juma'a, murya ɗaya tana tashi tana sauka. A Gwange kuma aka nuna mini zawiyar Shaihu Sharif Ibrahim Saleh, shugaban kwamitin fatawa na Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci a Najeriya. Daga nan keke ta ajiye mu a titin Damboa, gaban Masallacin Indimi, inda marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi shekaru yana tafsirin azumi kafin a harbe shi a masallacinsa na Ɗorayi a Kano cikin Afrilun 2007. Saɓani na nan tsakanin waɗannan gidaje, ana faɗinsa a kan mumbari, ana mayar da martani. Amma wani saurayi mai ɗangalallen wando da muka yi Isha'i tare ya ce mini, "Yaya, mu nan mun ga ƙarshen kafirta mutane. Wanda zai zo yanka ka ba ya tambaya ko ɗan Izala ne kai ko ɗan ɗariƙa."

Maganar nan ta bi ni har teburin mai shayi, inda na samu wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zauna kusa da Markas, cibiyar jagoran ƙungiyar nan, Muhammad Yusuf, da sojoji suka rushe a Yulin 2009. Ya juya shayinsa ya daɗe kafin ya yi magana. "Ɗana," ya ce, "akwai lokacin da ba a kiran sunansu a garin nan. 'Yaran nan' kawai ake cewa, shi ma sai an waiga. Miji ba ya sakin baki gaban ɗan cikinsa. Liman zai hau mumbari ya yi huɗuba a kan alwala, ya sauka, don ya san in ya taɓa wancan zance ba zai kwana ba." Ya lissafa mini da yatsu. Shaihu Bashir Kashara, wanda ke sukarsu a fili, an bi shi har gida an harbe shi a Oktoban 2010. Zakariyya Isa, mai ɗaukar hoto na gidan talabijin na NTA, an kashe shi a Oktoban 2011. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya wata da watanni. Gari ya zama kamar tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa. A shekarar ce matasa suka ce ya isa, suka fito da gora da adda, suka fara nuna masu bindiga da yatsa a unguwanninsu. "Ranar da na ji yaro ya kira sunansu da ƙarfi a tsakiyar titi," in ji tsohon, "na shiga ɗaki na yi kuka."

Yanzu rediyon mai shayin na kan wani shiri da ake buga waya, ana caccakar gwamnati a kan ruwan sha, da Kanuri da Hausa, kowa na faɗin sunansa da unguwarsu. Tashoshi irin su Dandal Kura da BRTV sun zama dandalin da mutane ke amayar da abin da ke cikinsu. Sashe na 38 da na 39 na tsarin mulkin 1999 sun ba kowane ɗan Najeriya 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki, haka ma sashe na 18 da na 19 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948. Mu a takarda muka san su. Mutanen Yerwa an ƙwace musu su da bakin bindiga, suka ƙwato da jininsu, shi ya sa in suna magana a rediyo za ka ji suna ɗanɗana kowace kalma.

Ƙanin mai masaukina malamin tarihi ne, shi ya ɗauko mini zancen da ya fi komai tsaya mini a rai. Ya ce, "Yaya, wannan gardamar ta waye Musulmi waye ba Musulmi ba, mun yi ta da ku fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma a rubuce." Bayan masu jihadi sun ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu, ya rubuta wasiƙu zuwa ga jagororin jihadin Sakkwato yana tambayar hujjar yaƙar Borno. Bai musa cewa akwai cin hanci da zaluntar marayu da al'adun da suka saɓa wa shari'a a ƙasarsa ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mai salla da azumi daga Musulunci, irinsu na nan a manyan ƙasashen Musulmi ba a kuma ce sun kafirta ba, kuma karantar da jahili ya fi yaƙarsa. Muhammadu Bello ya mayar da amsa da nasa hujjojin, musamman cewa sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu.

Ba a ce wasiƙu sun hana zubar da jini ba, an gwabza, an yi asara. Abin da ya girgiza ni shi ne inda aka samo waɗannan wasiƙu. Muhammadu Bello ne da kansa ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya sa a littafinsa Infaƙul Maisuri, sannan ya bi ta da amsa. Bai ƙone ta ba, bai ɓoye ta ba, ya bar wa na baya su karanta su auna. Na yi makaranta a ƙasar daular Usmaniyya, an koya mana jihadi tun muna firamare, amma sai da na zo Borno wani ya zaunar da ni ya nuna mini wannan ladabi na manyanmu biyu. Ina ma masu yanko rabin maganar malami su watsa a Facebook da TikTok za su san haka magabata suka yi jayayya.

A nan kuma kaina ya ɗaure. Jihar Borno na da hukumar da ke tantance masu wa'azi, ba kowa ke ɗaukar lasifika ya hau tebur ba sai da izini. Malamin tarihin na goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Ya ce fitinar da ta ci su da wa'azi ta fara, da kaset-kaset da ake sayarwa a bakin kasuwa, kowa na ji ana cewa ai magana ce kawai. Na gane dalilinsa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma na ce masa ina tsoron ranar da irin wannan hukuma za ta faɗa hannun mai mulkin da ba ya son a faɗa masa gaskiya. Muka yi ta ja har dare ya raba, bai sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma ban sauka ba, da safe kuma shi ya kawo mini kunun gyaɗa.

Ranar Lahadi maƙwabcin nan mai hular Zanna ya ce in zo in ga nasu. Muka nufi Wulari, ɓangaren da ake kira Jerusalem saboda yawan coci-cocinsa. A bakin ƙofa ga shingen ƙarfe, ga matasa na laluben masu shiga, daidai da abin da na gani a Dandal. Na rasa yadda zan yi, in cire takalmi ne ko in cire hula? Wata dattijuwa ta lura da ni ta ce, "Ɗana, bar abinka yadda kake. Ga benci nan a inuwa, kana jin komai." Na zauna a farfajiya kusa da taga.

Cocin na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne, wadda aka fi sani da EYN, da ta samo tushe a Garkida a 1923. Da Hausa ake komai, wa'azi da addu'a da sanarwa. Da 'yan zumuntar mata suka miƙe, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, suna buga bakin tulu da tafin hannu yana ba da wani amo mai zurfi, sai na ji muryoyin sun yi kama da na iyayenmu mata a gidan biki. Wannan ekklesiya na daga cikin waɗanda suka fi shan wuya. An ƙona coci-coci a Maiduguri a tarzomar Fabrairun 2006 kan zanen ɓatancin da aka buga a Denmak, aka sake ƙonawa a 2009. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. Kuma aƙidarta tun asali ita ce ba a ramuwa da makami. Na kasa kunne ko zan ji an ambaci Musulmi da mugun baki, abin da na ji shi ne addu'a ga gwamna, ga Shehu, ga manoman da ke fita gona da rakiyar soja.

Bayan an tashi, dattawan ba su ɓoye mini damuwarsu ba, kuma hakan ya ƙara musu girma a idona. Sun ce samun takardar filin gina coci na da wuya, sun ce 'ya'yansu na fama da ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, sun tuna mini rushe wani cocinsu a unguwar Maduganari a Agustan 2021, inda wani matashi ya rasa ransa. Da bakin nan kuma suka faɗi cewa gwamnatin Kashim Shettima ta ba da kuɗin sake gina coci-cocin da aka ƙona a kudancin jihar, Gwamna Babagana Zulum kuma kan ba da motoci kyauta ga masu tafiya gida Kirsimeti. A ganina kokensu na fili da na malamai koke ne na gaskiya, kuma garin da ya iya abin da ya fi wannan wuya ba zai gaza share musu hawaye ba.

A kasuwar Monday Market, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023 aka sake gina ta, na tsaya sayen turaren wuta wurin wata Hajiya mai niƙabi. Kusa da ita wata Ibo ce mai sayar da atamfa, kanta ba ko ɗankwali, in ɗaya ta tashi ɗaya ke tsare mata kaya. Na tuna cewa a 2015, lokacin da ake ɗaura wa 'yan mata bam a ƙarƙashin hijabi, Chadi ta haramta rufe fuska, Kamaru ta bi sahu a lardin Arewa Mai Nisa, haka ma yankin Diffa a Nijar. Faransa, wadda ba ta ga kwatankwacin abin da Borno ta gani ba, tun 2004 ta hana ɗalibai sa ɗankwalin addini a makarantun gwamnati, Suwizalan kuma ta hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Maiduguri da bam ya fi tashi a cikinta ba ta tuɓe wa matanta sutura ba. Mata aka samu cikin 'yan kato-da-gora suna laluben 'yan'uwansu mata a ƙofar kasuwa. Na tambayi Hajiyar yadda suka ji da hakan, ta ce, "Alhaji, a taɓa ni sau goma a rana ya fi a ce in bar mayafina a gida."

A bangon shaguna har yanzu ana ganin layin da ruwa ya bari. Daren 9 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kafin gari ya waye ruwa ya shiga fadar Shehu da kasuwa da asibitin koyarwa da Gwange, ya shiga babban cocin Katolika na Saint Patrick. Mai masaukina ya ce masu kwalekwale da matasan da suka ɗaura igiya suna jawo mutane ba su tambayi sunan kowa ba, kuma iyalinsa a saman benen wani Kirista suka kwana har ruwa ya ja.

Wurin ƙarshe da aka nuna mini makaranta ce, Future Prowess, wadda lauya Zannah Mustapha ya buɗe a 2007 da yara 36. Da fitina ta ɓarke sai ya riƙa ɗaukar marayun ɓangarorin biyu, ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan, ɗan soja da ɗan mai tayar da ƙayar baya, Musulmi da Kirista, kyauta, a aji ɗaya. Shi ne kuma ya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017, a shekarar kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen. Na tsaya a tsallaken titi lokacin tashi, yara suka fito a guje suna rige-rigen sayen fara soyayya wurin wata tsohuwa. Na yi iya ƙoƙarina in gane wane ne ɗan wane, na kasa.

Hatsari bai ƙare a Borno ba, ƙauyuka da yawa har yanzu ba sa kwana da ido biyu rufe, kuma mutanen Yerwa su ne farkon masu gaya maka haka. Duk da haka ina roƙon malamanmu da fastocinmu na Kaduna, masu shirya taron zaman lafiya a ɗakunan otal, su ɗebi matasan Tudun Wada da Rigasa da na Sabon Tasha da Narayi su kawo su nan. Su ga Juma'a a Dandal, su ga Lahadi a Wulari, su zauna gaban tsofaffin da suka yi shekaru ba sa iya kiran sunan mai kashe su, su ji daga bakinsu. Masauki ba zai gagara ba. Garin nan ya karɓi 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu a gidajen mutane suka sauka.